Tsinken Auduga

Litinin, 4 ga wata, da hantsi

Shekarun baya ina zaune a kujerar mai aski, kumfa har kunne, ya ce da ni wai a ƙasashen can idan ka ce yaro ɗanka ne ba sa gardama da kai. Tsinke suke ɗaukowa mai auduga a kai, su goga a cikin kuncinka, su goga a na yaron, su sa a inji, injin ya faɗi wanda ya haifi wani. Na ce masa ya yi askinsa ya bar labari, kada ya yanke ni a kan ƙarya. Mutumin da ya taɓa rantse mini ya ga kifi mai haƙoran mutum, shi zai koya mini ilimin yawu?

Yau Auta bai tafi ko'ina ba, ya sauko shagona. Shago dai a baki: ƙarƙashin matakalar gidan hayarmu ne, keken ɗinki ɗaya, benci ɗaya, sai ni. Ya zauna ya miƙo mini waya, ya manta idona ya daina hulɗa da ƙananan rubutu. Na ce karanta mini. Ya ce daga ofishin da ke duba maganar tafiyarsu ne. Komai ya yi, saura abu ɗaya. A kawo Lauya a yi mata gwajin yawu, ita da shi da Malama.

Bari in jera abin a nan ko kaina ya huta. Auta shi ne ɗana na ƙarshe, furfura ta fara leƙo masa a gemu amma Auta yake. Gyaran injinan sanyi ya iya, manyan nan na ɗakunan ajiye kifi da magani. Wata ƙasa da ƙanƙara ke zubo mata daga sama kyauta ita ce ke neman masu yin sanyi. Ta ce mai sana'a ya zo da iyalinsa a ba shi izinin zama na dindindin. Ya yi jarrabawar harshe ya faɗi, ya sake ya ci. Ya yi jarrabawar sana'a ma. An ɗauki hoton ƙirjinsu, an duba ko ɗan sanda ya taɓa neman wani a cikinsu. Iyali a wurin mutanen nan mata ne da 'ya'ya, uba ba ya ciki. Na tambaya tun farko, ba don ina son zuwa ba, don dai in ji matsayina. Ni gidan yayarsa zan koma.

Su biyar ne: shi, matarsa Malama, 'yan biyu, da Lauya. Lauya jikata ce, ta fara zama budurwa, kuma tun tana koyon magana ba a cin ta a gardama, shi ya ja mata sunan. Babban ɗana ne ya haife ta. Abin da ya same shi da matarsa a hanya ba zan rubuta ba. A cikin tawul aka kawo ta, Auta ko aure bai yi ba, shi ya miƙa hannu ya karɓa. Da za a sa ta makaranta aka ce sai da takardar haihuwa. Ya je, magatakarda ya ce wane ne uban, ya ce ni ne, ya ba da sunan Malama a wurin uwa. Ko ni aka tambaya abin da zan ce a rubuta ke nan. Yanzu wani mai ido a can ya lura an haife ta kafin aurensu, kuma takardar a makare aka yi ta.

Ba a ɓoye mata ba. Ba a dai faɗa mata ba.

Talata, 5 ga wata, bayan la'asar

Malama ta sayo rigunan sanyi na gwanjo tun makon jiya, masu nauyi kamar katifa, ina rage su. Na karya allura a kan ta Auta.

Lauya ta dawo daga makaranta ta tsaya gwaji. Ta sa tata, ta miƙe hannu.

"Tsoho, hannun ya yi tsawo."

"Za ki girma a ciki."

"Kai kullum ɗinkinka na wanda zai girma ne. Abba har yau bai cika wandon da ka ɗinka masa ba."

Na ce ta cire kafin zufa ta kashe ta a shagona a ce ni ne. Ta ce idan ta je can za ta aiko mini da tabarau na gaske, in daina ɗinke wa mutane aljihu. Ta sa mini zare a allura ta haye sama.

Laraba, 6 ga wata, da safe

Na kwana da wata dabara. Auta da babban ɗana, su biyun daga jikina suka fito, uwa ɗaya, nono ɗaya. Har dariyarsu iri ɗaya ce. Inji dai inji ne, ina zai raba su?

Juma'a, 8 ga wata, da yamma

Akwai wani mai aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibiti da ke kawo mini farar rigarsa idan maɓalli ya faɗi. Yau ya zo. Ina ɗinki na ce masa wani mutum ne ya tambaye ni, wai idan ƙanin uba ya tsaya a matsayin uba, tsinken nan zai gane?

Ya ce zai gane.

Na ce ai uwa ɗaya uba ɗaya suke, in ji mutumin.

"Baba, zai ce 'yan uwa ne na kusa. Ba zai ce uba ba. Kuma ita matar fa? Ita ko kusa ba zai ce ba."

Na manta da Malama sam a dabarata. Na ce to, zan gaya wa mutumin. Ya karɓi rigarsa ya tsaya yana ninkewa a hankali, ya ce in gaishe da mutumin, Allah ya kawo masa mafita. Maɓallin a karkace na sa, ya gani ya tafi da shi haka.

Asabar, 9 ga wata

Gwiwa. Ban sauka ba.

Litinin, 11 ga wata, bayan azahar

Na raka Auta wurin ejan, mutumin da ke cike musu takardu tun farko. Hawa na uku, ba lif. Bango duk hotunan duwatsu masu farin kai da mutane suna dariya a ciyawa. Ban ga tsoho ko ɗaya a hotunan ba, na duba.

Ejan ya dafe kai da ya ji. "Me ya hana ka gaya mini?"

Auta ya ce, "Cewa ka yi in rubuta 'ya'yana."

Ya ce da an faɗa da wuri da an bi ta kotu an yi takardar riƙo kafin a shigar da komai, ƙila ta wuce. Yanzu an riga an rantse a kan ita 'yar cikinsu ce. Ya lissafa mana abin da ya rage. A je gwaji a faɗi, su rubuta yaudara, su rufe wa gidan gaba ɗaya ƙofa shekara da shekaru. Ko a riga su, a rubuta a faɗi gaskiya, a cire sunanta, wataƙila su bar sauran su wuce. Ko a janye duka, kowa ya zauna inda yake.

Inda yake ɗin ne babu. Auta ya ajiye aikinsa tun da aka ce komai ya kusa, an ba wanda ya koya wa aiki gurbinsa. Malama ta yi sallama da makarantarta. Mai gida ya riga ya samu wanda zai shiga ƙarshen wata mai zuwa, har ya zo ya auna tagogi.

Na ce da ejan a ɗauki nawa yawun mana, ina da shi da yawa, ba abin da nake yi da shi. Ya ce zai nuna jikata ce, ba shakka. Sai dai ni ba na cikin masu tafiya, don haka jikata ba kowa ba ce a wurinsu.

A matakala Auta ya riƙe mini hannu har ƙasa.

Laraba, 13 ga wata, da safe

Kwalaye a falo, wasu an ɗaure wasu baki buɗe. An daina cika su. 'Yan biyu sun mai da ɗaya jirgi.

Alhamis, 14 ga wata, da hantsi

Malama ta kawo mini shayi da kanta, ta tsaya a bakin shago ba ta tafi ba. Ba halinta ba ne, tun da ta shigo gidan nan ba ta taɓa tsayawa a gabana ta wuce gaisuwa ba.

"Baba, ku yi masa magana. Ya daina cin abinci."

Na ce ke fa?

Ta juya tana kallon titi. "Ni na yi mata kitson fari. Da ƙyanda ta kama ta a bayana ta yi kwanakin. Yanzu auduga ce za ta ce ban haife ta ba? Na san ban haife ta ba. Ina ruwansu?"

Na ce ba su da ruwa, ƙasarsu ce kawai.

Ta ce ita ba inda za ta ba tare da ita ba. Ta faɗa, ta sake faɗa, kamar mai haddar darasi. Can sama ɗaya daga 'yan biyu ya fara kuka, ta tsaya tana saurare, sannan ta hau.

Shayin ba sukari. Na sha haka.

Asabar, 16 ga wata, da magariba

Suna ƙure rediyo a ɗakinsu idan za su yi magana. Gidan nan bangonsa kwali ne, rediyon kawai ya ƙaru a kan abin da muke ji. Lauya tana falo da littafi a cinya, shafi ɗaya tun la'asar.

Litinin, 18 ga wata, da yamma

Auta ya koma wurin tsohon ubangidansa. An ba shi kujera da ruwan sanyi, an ce ana kewarsa. Aiki kuwa sai dai na rana-rana idan inji ya lalace, a ƙarƙashin yaron nasa na da. Ya ce ya karɓa.

Wurin cin abinci ya ajiye cokali ya ce, "Mun fasa tafiya."

'Yan biyu suka ce jirgin fa? Malama ta tashi ta shiga kicin. Lauya ta ce, "Saboda me, Abba?"

"Sanyi. An ce sanyin wurin ba ya yi wa yara."

Na gyara zama ina jiran shari'a. Wannan yarinyar ta taɓa tsare ni rabin yini a kan ko kifi yana shan ruwa. Ga uban da ya shekara yana nuna mata hoton ƙanƙara a waya yana cewa sanyi ne ya kore shi. Ta dube shi, ta ce to. Ta ci gaba da cin abincinta.

To ɗin nan bai yi mini daɗi ba.

Talata, 19 ga wata, bayan la'asar

Lauya ta biyo ta shago daga makaranta. Ta daɗe. Na yi wani alkawari.

Laraba, 20 ga wata

Ban taɓa keke ba. Gwiwa lafiya lau.

Alhamis, 21 ga wata, da hantsi

Na aika a kira mini Auta kafin ya je wurin ejan janye takardu. Ya sauko ya tsaya. Na ce zauna. Na ce ba za ka janye ba. Za ka rubuta musu gaskiya, ka cire sunanta, ka kwashi sauran ka tafi. Ita tana nan tare da ni.

Ya yi dariya irin ta wanda bai ji da kyau ba. "Baba, me ka ce?"

Na maimaita.

"In bar ta? Wa zan bar wa?"

"Ni. Ban mutu ba tukuna."

"A gidan Yaya? Ɗaki ɗaya za a ba ka, Baba. A ina za ta kwana, a ina za ta yi karatu?"

Na ce za a raba ɗakin da labule, ɗinki sana'ata ce. Na ce kai ba ka da aiki, matarka ba ta da aiki, wata mai zuwa ba ku da gida, kana da ƙanana biyu. Ya ce wannan matsalarsa ce. Ya ce ya gwammace ya yi dako a kasuwa. Sai ya tsaya yana dubana, ya duba keken, ya duba allurar da ke hannuna ba zare.

"Ko dai so kake ta zauna tana sa maka zare a allura?"

Na ce eh. Idona ya tafi, wa zai sa mini?

Ban taɓa ganin fuskar ɗana haka ba. Ya ce, "Da Yaya babba yana raye ba za ka..." bai ƙarasa ba. Rabon da a ambace shi a gabana tun ranar tawul.

Na ce, "Ni na bar maka ita, yau na karɓi abata. Magana ta ƙare. Idan ni na haife ka, ka je ka rubuta."

Ban taɓa yi masa irin wannan ba, ko da yana yaro. Ya tashi. Bai hau sama ba, titi ya nufa.

Asabar, 23 ga wata, da safe

Yana gaishe ni. Ina kwana, Baba. Lafiya lau. Shi ke nan.

Shayi 'yan biyu ke kawowa yanzu, rabi a kofi rabi a matakala.

Litinin, 25 ga wata, da daddare

An aika. Ejan ne ya tsara, Auta ya sa hannu, Malama ta sa. Ita ta dawo ta wuce ta gaban shago ta rusuna ta gaishe ni ba ta ɗago ba.

Da yamma suka kira Lauya ɗaki suka rufe. Ba rediyo yau, kuma ban ji komai ba sai muryar Auta tana tsayawa tana tashi. Ban san iya abin da ya faɗa mata ba. Daga baya na ji daga bakin yayarsa cewa ya ce mata matsalar takarda ce, kuma Tsoho ya nace sai an bar masa ita, da sun zauna zai aiko a ɗauke ta. Ejan ya riga ya gaya mana kada mu sa rai da wannan. Ta fito ta ɗauki tsintsiya ta share falon da aka share.

Alhamis, 28 ga wata

Shiru.

Lahadi, 1 ga sabon wata, da yamma

Shiru. Idan suka ƙi sauran ma, na raba ɗa da 'yarsa a banza, na kuma raba kaina da ɗa. Na rubuta wannan na daɗe ina kallonsa.

Mai gida ya kawo mai fenti ya duba falo.

Laraba, 4 ga wata, da hantsi

Amsa ta zo. Mutum huɗu, tare da dogon gargaɗi. Maganar ta biyar an rufe.

Ba wanda ya yi murna sai 'yan biyu. Auta ya sauko ya tsaya daga waje ya ce, "An ba mu, Baba." Na ce Allah ya sa alheri. Ya ce amin. Ya ƙara tsayawa kaɗan, na ɗauka zai zauna. Bencin ba kowa.

Asabar, 14 ga wata, bayan azahar

Sun tafi.

Motar ta zo da wuri. Malama ta riƙe Lauya a matakala har direba ya fara danna oda, ta cire ɗan kunnenta ta sa mata, tana ta faɗa mata abubuwan da ta riga ta sani, inda man gashi yake, ranar da ake kai takalmi gyara. Lauya tana cewa to, Umma. To, Umma. 'Yan biyu suna tambayar a wace mota Yaya Lauya za ta biyo su.

Auta ya durƙusa a gabana kamar yadda aka koya masa. Na sa masa albarka. Da ya miƙe ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Ga ta nan, Baba. Ka samu." Ya rungume ta, ya shiga mota, bai waiwayo ta wajena ba.

Rigar sanyinta ban san inda aka sa ba. Ban tambaya ba.

Talata, 17 ga wata, da hantsi

Muna gidan yayarsa. Ɗakin bayan kicin ne, taga ɗaya tana kallon bangon maƙwabta. Na kafa labulen. Keke yana baranda, an rufe shi da leda, ba wanda ya san ni a unguwar nan balle ya kawo ɗinki. Sun kira sun sauka lafiya. An yi magana da kowa, aka ce a gaishe ni.

Ta tafi sabuwar makaranta, gidan shiru. Alkawarin da na yi na baki ne, kada in faɗa wa Auta. Ban yi na alƙalami ba, kuma shi ba mai karanta rubutuna ba ne.

Ranar Talatar nan da ta biyo ta shago, zama ta yi ta ce, "Tsoho, ka san akwai wani tsinke mai auduga a kai?"

Na ce na taɓa ji a wurin wani maƙaryaci.

Ta ce ba ƙarya ba ne. Ta yi mini bayaninsa tiryan-tiryan, yadda ake gogawa a kunci, yadda ake rufewa a kwalba, abin da injin ke dubawa. Ta ce ta san ba Abba ya haife ta ba tun tana aji uku, gwaggonta ta faɗa a waya ta ɗauka barci take. Na ce me ya hana ki magana? Ta ce ta ga ba ma so ta sani, sai ta ƙyale mu.

"Idan ni na ce ya cire ni ba zai yarda ba, kuma zai gane na daɗe da sani. Kai ka faɗa masa. Kai kaɗai ne ba ya iya yi wa musu."

Na ce zai riƙe ni a zuciya har in mutu.

"Ai kai tsoho ne, ba za ka daɗe kana ji ba."

Ta so ta yi dariya, bakin ya ƙi. Na nemi abin da zan kayar da ita da shi, na rasa, kamar kullum.

Mu da muka tashi a kan labarin baka an koya mana idan ka ba da labari ka faɗi inda ka ji shi. Mai aski ne ya fara ba ni, na ƙaryata shi, ya rasu ban nemi afuwarsa ba. Auta ya karanta mini a waya. Mutumin asibiti ya tabbatar, ejan ya ƙara nasa. Ta ƙarshe da ta ba ni labarin tsinken nan ita ce Lauya, 'yar babban ɗana, tana zaune a bencina da jakar makaranta a cinya.